Haruffa Biyar a Kan Allo

Matasan da ke zuwa gidana a Bebeji suna son in nuna musu yadda ake rubuta shafin kwamfuta a jarida kusan dukansu da magana ɗaya suke farawa: ai sun iya na'urar, rubutun ne kawai ya rage. Wani ma yakan buɗe laftof ɗinsa a kan tabarma ya nuna mini abubuwan da ban san ana yi ba. Ba na musu. Sun fi ni saurin yatsa, sun fi ni Turanci. Abin da nakan ce musu shi ne, iya na'ura daban, iya gaya wa mutumin da ba ka gani inda zai danna daban. Kusan shekara ashirin na yi ina wannan aikin, kuma ban taɓa aika rubutu ba sai na karanta shi sau uku, na ukun a tsaye da babbar murya. Duk da haka sai da kalma ɗaya ta kusa raba wani bawan Allah da mutuncinsa.

Ba a gaban kwamfuta na koyi sana'ar ba. A gidan rediyo na koye ta, a sashen fassarar labarai, a hannun wani dattijo da muke kira Malam Lawan. Idan ka gama fassara ka kawo masa, ba ya karɓar takardar. Sai ya juya kujerarsa ya ba ka baya, ya ce ka karanta, domin mai sauraro ba ya ganin fuskarka balle hannunka. In ya ce "Me ka ce?" ko sau ɗaya ne, ka koma ka sake. Abu biyu ya tsana: doguwar jimla, da cusa Turanci a inda Hausa ke da kalma. Yakan ce wanda ke jin Turanci ba ya bukatarmu, aikinmu na wanda ba ya ji ne. Da aka kwashe tafiretocin ofis aka kawo kwamfutoci, ni ne na fara zama a gabansu bayan an tashi aiki, ina lalube. Daga nan aka ba ni minti goma a mako ina amsa tambayoyin masu sauraro a kan na'urar. Bayan wasu shekaru editan wata jaridar Hausa ta mako-mako ya ce in mayar da shirin rubutu.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai tsohuwar kwamfuta ta gwaji wadda ba na jin tsoron ta lalace, da ƙaramin sukudireba, da burushi mai laushi, da filash guda biyu, da waya ta daban don kiran masu karatu. Mafi muhimmanci shi ne wani littafi mai baƙin bango inda nake tara kalmomin da na zaɓa wa sassan na'urar da ayyukanta: linzami, wato abin da ake turawa da hannu ana dannawa, da kibiya, allo, ma'ajiya, kwandon shara. Kowace kalma a cikinsa sai da ta wuce ta bayan kujerar Malam Lawan. Da na koma jarida, na ɗauki littafin nan yadda yake na ci gaba da aiki da shi. Bai zo mini a rai ba cewa kalmar da aka gwada da kunne tana bukatar a sake gwada ta da ido.

Wani ma'aikacin ruwa daga Tiga ya taɓa kawo mini kwamfutarsa a ɗaure a bayan babur, an naɗe ta da bargo. Tun kafin ya sauke na ji warin ƙonewa. An ɗauke wuta ya bar ta a jone, aka dawo da ita da ƙarfi. Na buɗe na nuna masa inda ya yi baƙi. Abin da ya fi damunsa ba kuɗin gyara ba ne, rahotannin aikinsa na wata shida ne da ke ciki, kuma babu su a ko'ina. Allah ya sa ma'ajiyar ba ta ƙone ba, na ciro masa su. A makon na rubuta abin da na yi ta maimaitawa shekara da shekaru: in aka ɗauke wuta ka zare waya daga bango, in aka dawo ka ba ta minti biyar ta natsu. Abin da kuma kake da shi a wuri ɗaya, ka ƙaddara ba ka da shi. Ka ajiye a na'ura, ka ajiye a filash, kuma kada filash ɗin ya kwana a jaka ɗaya da na'urar.

Wata Hajiya mai shagon buga takardu a Tudun Wada ta kira ni tana cewa duk fayilolinta sun zama hoton ƙaramar kibiya, ba sa buɗuwa. Ɗalibai ne ke kawo filash tana sokawa daga safe har yamma, ɗaya ya zo da cuta. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi koya mini darasi wani mutum ne daga Doguwa da ya ce kwamfutarsa ta mutu. Rabin awa na yi ina ba shi umarni ta waya, yana cewa to, kafin na gano ashe allon ne ba a jona ba, na'urar kuwa tana ta aikinta. Tun daga ranar ban sake fara ba da shawara ba sai na yi tambaya ɗaya: me kake gani a gabanka yanzu? Masu kira ba sa gaya maka abin da ya faru. Abin da suke tsammanin ya faru suke gaya maka. Kuma yawancinsu ba sa ce maka ba su gane ba, don kunya.

Cikin masu karatuna akwai Malam Sa'idu, shugaban wata makarantar Islamiyya a Yako. Mutum ne mai tsari. Yana karanta Larabci da Hausar boko sosai, Turanci kuwa ko kaɗan. Da shafina ya koyi kwamfuta, har ya iya buga Larabci da wasulla. Yakan yanke rubutuna duk mako ya jera a cikin wani fayil na kwali. Saboda wannan ƙwarewa aka naɗa shi sakataren kwamitin gasar karatun Alƙur'ani ta makarantun yankinmu. Aiki mafi nauyi a hannun sakatare shi ne jerin ayoyin da za a ja wa ɗalibai ranar gasa su ci gaba da ka. Alƙalai su zaɓa, shi ya buga, a rufe a ambulan, kada kowa ya gani sai ranar.

A shekarar da nake kira mummunar shekarata, na yi rubutu a kan abin da ya kamata mutum ya yi kafin ya ba da aron kwamfutarsa. A cikinsa akwai wannan jimla: "Ka ɗora kibiya a kan fayil ɗin da ba ka so a gani, ka danna ɓangaren dama na linzami, jerin kalmomi zai fito, sai ka share." Na zaɓi kalmar share ne tun a rediyo, don ta dace da kwandon shara inda fayil ke faɗawa. Na faɗe ta a iska ba adadi, ba a taɓa samun matsala ba. Ban rubuta kalmar Turancin da ake dannawa ba, saboda tarbiyyar Malam Lawan. Na kuma gwada matakan da hannuna a tsohuwar na'urata kamar kullum, komai ya tafi daidai, domin ni na san wadda zan danna.

Wata Litinin da hantsi wayar masu karatu ta yi ƙara. Malam Sa'idu ne. Bai taƙaita gaisuwa ba, ya tambayi gida da iyali da aiki. Sannan ya ce:

"Malam Isa, na bi maganarka harafi da harafi. Ga shi an ce na ci amana."

Ya buga ayoyin gasa, ya fitar da su a takarda, an rufe a ambulan. Da yake kwamiti zai ari laftof ɗinsa don buga takardun shaida, sai ya ɗauko rubutuna don ya kawar da fayil ɗin. Bai ankara ba sai ga jerin ayoyin a guruf ɗin malaman makarantarsa, a manhajar saƙonni da ke jone da na'urar. Ɗaya daga cikin malaman ya tura wa abokinsa a Tudun Wada yana tambaya ko na gaske ne. Ranar Lahadi abin ya faru, kafin azahar kowa ya gani. Saura kwana biyar gasa, kuma ɗalibansa biyu na cikin masu izifi sittin.

Na yi masa tambayata ta kullum. Me ka gani a gabanka lokacin da jerin ya fito?

"Kalmomin Turanci ne, ban san ko ɗaya ba, sai guda da aka rubuta da Hausa. S da H da A da R da E. Share. Yadda ka ce."

Ina riƙe da wayar na buɗe na'urata, na danna dama. Tana nan a cikin jerin, sama da wadda nake nufi. Na gan ta sau dubbai, ban taɓa karanta ta da Hausa ba. Bature yana furta ta da wani sauti daban, kamar sheya, kuma ma'anarta a raba wa mutane, a aika musu. A kunne babu abin da ya haɗa ta da tamu. A takarda haruffa biyar ne iri ɗaya.

Na tambaye shi abin da ya biyo baya. Ya ce wani akwati ya buɗe da sunayen mutane da guruf-guruf. Ya ɗauka na'urar tana tambayarsa ne daga idon wa za a share. Sai ya zaɓi malamansa, don su ne ya fi gudun su gani. Ya danna koriyar kibiya.

Kwamiti ya sa zama ranar Laraba a Kiru. Abin da ake shirin yi a bayyane yake: a sauke shi bisa cin amana, a cire makarantarsa daga gasar. Makarantar Islamiyya a ƙauye ba ta da jari sai yardar iyaye. In aka ce shugabanta ya saci ayoyi don ɗalibansa, ba sai an rufe ta ba, da kanta za ta watse. Ya riga ya yi wa kwamiti bayani ta waya, bayanin ya ƙara jefa shi cikin rami, domin abin da ya yi ta faɗa shi ne "share na danna", su kuwa ga abu a wayoyinsu ba a share ba. Sai suka ji kamar ƙarya ce a kan ƙarya.

Na kira edita. Ya saurara, ya ce za a sa ɗan gyara a fitowa ta gaba, amma kada in je zaman, jarida ba ta riƙe wa kowa linzami ba. Na ce masa jarida ranar Juma'a take fita, zaman kuwa Laraba ne. Ya ce in na je, da sunana na je. Na ce to.

A zauren Gwani Mamuda aka zauna, shi ne shugaban kwamitin. Dattijo ne da ya haura saba'in, ya rubuta Alƙur'ani da ka fiye da sau ɗaya, ya kuma koyi karatun boko yana babba, a hankali yake bin sa da yatsa. Malamai bakwai ne a kan tabarmi. Malam Sa'idu yana gefe, laftof ɗin a rufe a gabansa. Na durƙusa na gaida Gwani, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wani Malam Ubale, wakilin makarantun Tudun Wada, ya dube ni ya ce ashe yanzu har lauya ake ɗaukowa daga jarida. Aka ɗan yi dariya, ba da yawa ba.

Malam Ubale ne ya fara magana, kuma maganarsa mai ƙarfi ce. Ya ce a ƙaddara kuskure ne. Cikin duk mutanen da ke wayar Malam Sa'idu, me ya sa kuskuren bai faɗa kan surukinsa ko dillalin masara ba, sai kan malaman da ke koyar da ɗalibansa? Wane irin kuskure ne mai idanu haka?

Da aka ba ni dama na fara bayanin yadda na'ura ke jera umarni. Ban kai ga kalmar ba Gwani ya ɗaga hannu.

"Malam, ni ban san na'ura ba. In bayani ne, kowa ya zo da nasa."

Sai na bar bayanin. Na roƙi Malam Sa'idu ya ciro yankakken rubutun daga fayil ɗinsa. Na buɗe laftof ɗin, na tabbatar babu intanet a jikinsa, na yi sabon fayil marar komai, na miƙa wa Gwani takardar. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da na rubuta. Ina roƙo ka karanta, ka nuna mini inda zan danna. Ni hannu ne kawai, ba zan ce komai ba."

Gwani ya sa tabarau. Ya karanta jimlar a bayyane, kalma-kalma. Na ɗora kibiya, na danna dama, jerin ya fito. Bai taɓa allon da yatsa ba, alƙalamin kara ya ɗauko daga gefensa ya fara gangarowa da shi daga sama. Yana wuce kowace kalma yana motsa leɓe, ba ta ba shi komai.  Na san in ya wuce kalmar, ko in wani ya yi masa raɗa, ba ni da sauran abin faɗa. Alƙalamin ya tsaya.

"Ga ta nan. Share."

Na danna. Akwatin sunaye ya buɗe, guruf ɗin malaman Yako a sama. Gwani ya dubi akwatin, sannan ya tambaye ni abin da na'urar take nema. Na ce jaridar ba ta faɗa ba, shi ma Malam Sa'idu abin da ke hannunsa ke nan. Sai a lokacin na gaya musu ma'anar kalmar a Turanci. Wani malami mai ƙaramin shekaru ya ciro wayarsa ya duba, ya nuna wa na kusa da shi.

Gwani ya ajiye alƙalamin. Ya ce matakin farko ya gani da idonsa, da shi ne ma nan zai danna. Amma na biyun, da ya ga sunayen mutane sun fito, da ya tsaya ya tambaya. Mai riƙe da amana ba ya danna abin da bai sani ba. Malam Ubale ya ce shi har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba. Gwani ya ce ba a yanke wa mutum hukunci da rashin kwanciyar zuciyar wani. Ya yanke cewa ba cin amana ba ne, sakaci ne. Malam Sa'idu ya sauka daga sakatare, ɗalibansa su shiga gasa, alƙalai su zaɓi sababbin ayoyi a rubuta da hannu.

Ina tattara kayana ya kira sunana.

"Malam Isa, a wurinmu ɗigo ɗaya in ya sauka inda ba wurinsa ba, harafin ya zama wani. Ba ma cewa laifin mai karatu ne. Mai rubutu ake kira ya wanke allon."

Na ce na ji, Allah ya gafarta Malam.

Gyaran ya fito ranar Juma'a, layi huɗu a ƙasan shafi. Labarin ya riga shi yawo. Wata da watanni kiran da ke zuwa daga Kiru da Yako ya ragu, waɗanda suka kira kuwa sai su ce in maimaita, sannan su ce za su tambayi wani tukuna. A tasha aka laƙaba mini Malam Share, har yau akwai masu kirana da shi. Edita ya rage mini shafin zuwa rabi, bai mayar ba sai da shekara ta zagayo. A makarantar Malam Sa'idu wasu iyaye sun cire 'ya'yansu. Ba duka ba, makarantar tana nan. Ɗalibansa biyu sun yi karatu ranar gasa, ɗaya ya zo na uku, aka samu masu cewa ai shi ya sa.

Na zauna da baƙin littafin nan na bi shi kalma-kalma da idon wanda ba ya jin Turanci. Na fitar da share, na sa goge. Na tara wasu kalmomin da suke Hausa suke kuma Turanci a rubuce, kamar "take" da "same" da "make", na yi musu jan layi. Na kuma saɓa wa Malam Lawan a abu ɗaya: duk inda za a danna, sai na rubuta kalmar Turancin harafi da harafi yadda take a allo, na faɗi wadda ke samanta da wadda ke ƙasanta. Sannan na daina gwada rubutuna da hannuna kaɗai. Maƙwabcina Malam Ado tela, wanda ba ya jin Turanci, shi yake zama a gaban tsohuwar na'urar duk Talata da takardata a hannu. Ni kuwa in juya kujera in ba shi baya. In ya ce "Ina zan danna?" ko sau ɗaya ne, in koma in sake.

Duk matashin da ya zo neman koyon aikin, yankakken rubutun nan nake fara miƙa masa, in ce akwai kuskure ɗaya a ciki, ya nemo. Sukan gyara mini waƙafi. Sukan ce yanzu akwai hanya mafi sauri. Har yau babu wanda ya gan shi a karon farko, kuma wanda ya fi Turanci shi ya fi daɗewa.

Malam Sa'idu muna gaisawa in mun haɗu a kasuwar Kiru. Yakan tambayi aiki, ba ya tambayar na'ura. An ce laftof ɗin yana ajiye a kan kanta a ofishinsa an lulluɓe shi da ƙyalle, jarrabawar makaranta ma da hannu yake rubutawa a kai a yi masa kwafi. Sau ɗaya na ce masa in yana so in zo Yako in zauna da shi yini guda, mu bi jerin nan daga sama har ƙasa, ya san kowace kalma. Ya yi godiya sosai, ya yi mini addu'a. Sannan ya dafa aljihun gaban rigarsa inda biro yake, ya ce:

"Bar shi, Malam Isa. Wannan dai bai taɓa aika wa kowa komai ba."